Yadda Ake Samun Natsuwar Zuciya Domin Addu'a a Cikin Hidimomin Yau da Kullum

Wanda ya taɓa ɗebo ruwan rafi da damina ya san ba a shan sa nan take. A randa ake zuba shi a bar shi, laka ta kwanta a gindi, sannan a ɗebi na sama. Zuciyar mai yawan hidima haka take. Ka durƙusa, bakinka yana cewa "Ya Uba", hankalinka kuwa yana kan kuɗin makarantar yara, ko takin da ba a saya ba, ko baƙar maganar da wani ya yaɓa maka jiya a wurin aiki. Da yawa daga cikin masu bi sukan ɗauka rashin bangaskiya ne ya jawo haka, sai su yi ta zargin kansu. Yawanci ruwan ne aka girgiza, ba a kuma ba shi lokacin kwanciya ba.

Abin da ke biye tsari ne na minti 20 da safe, da minti 5 da dare. An shirya shi domin mai zama a gidan haya, mai 'ya'ya ƙanana, mai aikin kwana, manomi da ɗan kasuwa, wato mutumin da ba zai iya jira sai gari ya yi tsit ba.

Kayan da za ka tanada

- Littafi Mai Tsarki na takarda, a harshen da kake yin tunani da shi. In ka saba da tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 kuma kalmominta suna shigar ka, riƙe ta. In tana yi maka nauyi, ɗauki sabuwa.
- Littafin rubutu irin na 'yan firamare, da biro. Wannan littafi na wannan aiki ne kaɗai, kada a rubuta bashin kanti a ciki.
- Tocila ko fitilar caji. Kada ka dogara da wutar lantarki, kada kuma ka dogara da hasken waya.
- Agogo, na hannu ko na bango.
- Wurin zama mai tauri: kujerar katako, benci, ko tabarma kusa da bango.
- Kofin ruwa.
- Rigar sanyi ko bargo a lokacin hunturu, da abin korar sauro da damina. Ƙaramin abu ne, amma sauro ɗaya ya isa ya cinye maka minti 20.
- Littafin waƙoƙin ikilisiya, in akwai.

In ba ka da Littafi Mai Tsarki na takarda sai na waya, ka sauke shi a kan wayar yadda zai buɗu ba tare da intanet ba, ka kashe data tun dare. In karatu yana ba ka wahala, ko idanu sun yi rauni, akwai Littafi Mai Tsarki na saurare da Hausa da ake sa wa a katin waya. Duk inda aka ce "karanta" a ƙasa, kai sai ka saurara.

1. Tsai da lokaci guda, ka ɗaura shi a jikin wani abu da ba ya fashi

"Zan yi in na samu sarari" ba ya aiki, domin sarari ba ya zuwa da kansa. Markus 1:35 ya nuna Yesu ya tashi da asuba tun da sauran duhu, ya fita zuwa inda ba kowa. Ka duba ayoyin da suka gabata: daren jiya duk garin ya taru a bakin ƙofa da marasa lafiya. Ka duba kuma aya ta 37: almajirai sun bi sawunsa suna cewa kowa na neman sa. A tsakanin hidima biyu ya yanki lokacin.

Ga yawancin mutane, asuba ta fi. A garuruwan Arewa kiran sallar asuba yakan zo wajen ƙarfe 5:00, ya ɗan matsa gaba ko baya gwargwadon wata, kuma maƙwabta Kirista da dama da shi suke tashi. Daga nan zuwa lokacin da za a fara layin famfo, a hura wuta, a fara wa yara wanka, akwai kusan rabin awa da gida yake kwance. Wannan rabin awar kake nema.

Amma asuba ba doka ba ce. Daniyel sau 3 a rana yake durƙusawa (Daniyel 6:10). Bitrus da tsakar rana ya hau kan soro (Ayyukan Manzanni 10:9). Ishaku da yamma ya fita saura (Farawa 24:63). Ma'aikaciyar jinya da ta kwana a asibiti ba za ta iya asuba ba. Nata lokacin shi ne bayan ta yi barci ta tashi, kafin yara su dawo makaranta. Mai shago yana iya zuwa minti 20 kafin lokacin buɗewa, ya shiga ya ja ƙofa. Manomi da damina, in sammako ya hana shi, yana da lokacin da rana ta take aka koma gindin bishiya.

Ka ɗaura lokacin a jikin abin da kake yi kullum: bayan wanke fuska, kafin hura wuta, bayan an raka yara bakin hanya. Abin da aka ɗaura a jikin agogo kaɗai yakan sulale, wanda aka ɗaura a jikin al'ada yakan zauna.

Kuskuren mafari shi ne ya ce awa guda zai riƙa yi. Ya yi kwana 3, ya gaji, ya bari gaba ɗaya. Fara da minti 20. In ma ya yi yawa, fara da 10, ka riƙe shi sati 4 kafin ka ƙara.

2. Zaɓi wuri

A Matiyu 6:6 Yesu ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa. Kalmar da aka yi amfani da ita a Helenanci tana nufin ɗakin can ciki, irin wanda ake ajiya a cikinsa. Ba ɗaki mai kyau ake nufi ba. Wurin da ido ba ya kai wa ake nufi.

A gidan da mutum 6 suke kwana a ciki da falo, ga wuraren da sukan yi: kicin kafin a hura wuta, baranda, bayan ɗaki, zaure, ko kusurwar falo ka juya fuska ga bango. Mai mota ko Keke yana iya zama a ciki kafin ya tayar. Wanda majami'a take kusa da shi yana iya roƙon mai gadi ko dattijon da ke riƙe da makulli ya bar shi ya zauna a bencin baya. In unguwarku ba ta da tsaro da duhu, kada ka fita. Zauna a cikin gida.

Abu biyu ne ba a so. Na farko gado: jiki ya san gado wurin barci ne, kuma zai yi abin da ya sani. Na biyu sauya wuri kullum. In ka riƙe wuri ɗaya, bayan 'yan makonni zaman kawai ya isa ya fara kwantar da kai.

Ki gaya wa mutanen gida, musamman ke uwa. Yara suna gane alama fiye da dogon bayani. Ki ce musu, "In kun ga Mama ta zauna a kan wannan tabarma ta lulluɓe kanta, tana magana da Allah ne, a jira ta." Za su gwada ki kwana biyu, daga baya su saba. Miji da mata suna iya yin karɓa-karɓa: ɗaya ya riƙe yara minti 20, sannan ɗayan. Mai goyo kuwa ba sai ta ajiye jariri ba. Lokacin ba da nono da asuba yana daga cikin lokutan da suka fi shiru a yininta.

3. Shirya tun dare

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka kwanta, ka ajiye Littafi Mai Tsarki a wurin zaman da alama a inda za ka karanta, da littafin rubutu, biro, tocila da ruwa. In sai da safe za ka fara laluben biro a duhu, ka tashi yara, lokacin ya tafi.

Ka lissafa barcinka. Mai son tashi 5:00 ya kamata ya kwanta wajen 10:00. Wanda ya kai 1:00 na dare yana kallon bidiyo a waya, ya tashi 5:00, ba shaiɗan ne yake sa shi gyangyaɗi a addu'a ba.

Sai maganar waya, wadda ita ce ta fi kowane abu ɓata wannan aiki. Ka kashe data kafin ka kwanta, kada kuma ka kunna sai ka gama. Dalilin a fili yake: saƙo ɗaya a WhatsApp na dangi, ko labarin hari a Facebook, ya isa ya girgiza ruwan tun kafin ka zauna, kuma ba ya kwanciya cikin minti 20. Ko saƙonnin ayoyi da addu'o'in da 'yan'uwa suke turowa da asuba su jira. Suna da kyau, amma a ƙofa ɗaya suke shigowa da sauran. In wayar ce take tashin ka, ajiye ta nesa da gado yadda sai ka miƙe za ka kashe ta, ka kife ta a can. Wanda aikinsa ko rashin lafiyar wani nasa ya sa dole a same shi, ya bar layin kira a buɗe, data kaɗai zai kashe.

4. Kwantar da jiki (minti 2 zuwa 3)

Wanke fuska, sha ruwa, zauna. Bayanka a miƙe, ƙafafu a ƙasa, hannuwa a kan cinya. Durƙuso yana da kyau, amma durƙuson da ake kifa kai a kan katifa hanyar barci ce. In za ka durƙusa, ka durƙusa a miƙe, in gwiwa ta fara ciwo ka zauna.

Ja numfashi ta hanci a hankali kana ƙirga 4, ka sake shi kana ƙirga 6. Yi haka sau 8 ko 10. Babu wani asiri a ciki. Mai gaggawa numfashinsa gajere ne, kuma muddin jiki yana gaggawa, hankali ba ya zama. Ka lura da kafaɗu da muƙamuƙi, nan ne mutane suka fi ɗaurewa ba su sani ba. Sake su.

Daga nan ka faɗi jimla ɗaya da ke tuna maka gaban wa kake. Ta yaro Sama'ila ta isa: yi magana, ya Ubangiji, bawanka yana ji (1 Sama'ila 3:9-10). Wasu sun fi samun shiga da baiti ɗaya na waƙa, a rera shi ƙasa-ƙasa. Baiti ɗaya, ba waƙar duka ba.

Game da ƙara daga waje, janareton maƙwabci, injin markaɗe, zakara, kada ka yi faɗa da su a ranka. Ƙarar da ba ta canzawa, kamar ta janareto, kunne yakan manta da ita bayan ɗan lokaci in ba ka tsaya jin haushinta ba. Wadda ta fi wuya ita ce mai kalmomi: rediyo, hira, wa'azi a lasifika. Ga wannan, ka toshe kunne da auduga, ko ka yi karatunka da addu'arka da 'yar murya yadda kunnenka zai ji ka.

5. Sauke kaya a takarda (minti 2)

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi saurin nuna amfani. Buɗe littafin rubutu, ja layi a tsakiyar shafi daga sama zuwa ƙasa. A hagu ka rubuta abubuwan yi da suke ta faɗo maka: sayen gas, kiran kawu, gyaran babur. A dama ka rubuta abubuwan da suke ci maka rai: bashi, ciwon yaro, rigima da abokin aiki. Kalma biyu ko uku ga kowanne, kada ka shiga bayani.

Zuciya tana maimaita abu ne domin tana tsoron kada a manta da shi. In ta ga an rubuta, takan sassauta. Na hagu ka bar su sai bayan addu'a. Na dama su ne za ka kai gaban Allah a mataki na 8. Abin da 1 Bitrus 5:7 yake cewa ke nan, a zuba masa dukan damuwa, kuma mutum ba ya iya zuba abin da bai tantance ba.

Ka bar littafin a buɗe kusa da kai. In wani abu ya sake faɗowa a tsakiyar addu'a, rubuta shi ka ci gaba.

Akwai kaya iri ɗaya da takarda ba ta ɗauka. In abin da yake ta dawowa shi ne wani da ka ɓata wa rai, ko zunubin da ka san kana riƙe da shi, wannan ba yawon hankali ba ne, lamiri ne yake magana. Furta shi a nan take. In gyara ne da mutum, rubuta ranar da za ka je wurinsa, ka kuma je (Matiyu 5:23-24). Babu dabarar numfashi da za ta kwantar da wannan.

6. Karanta kaɗan, sau da yawa (minti 6)

Karatun gama Littafi Mai Tsarki a shekara abu ne mai kyau, amma nasa lokacin daban. A nan aya 5 zuwa 10 ake so. Mafari ya fara da Markus. Sura 16 ce, in kana ɗaukar kamar aya 10 a rana za ta kai ka sama da wata 2. Ko ka bi gajerun Zabura: 23, 121, 130, 131. In ikilisiyarku tana da littafin ibadar kullum, kana iya bin ayoyin da ya tsara, sai dai ka fara da nassin kansa, bayanin marubuci ya zo daga baya.

Karanta sau 3. Karo na farko da 'yar murya, domin ka san abin da yake faruwa: wa ya yi magana, da wa, a ina. Karo na biyu a hankali, kana sauraron kalma ko jimlar da ta tsaya maka. Karo na uku ka tsaya a kan wannan jimla, ka rubuta ta, ka juya ta a ranka kamar yadda saniya take tuƙa. Wannan shi ne bimbini. Tambaya biyu sun isa: me wannan yake nuna mini game da Allah, me kuma yake nema a wurina yau?

Kurakurai uku sukan faru a nan. Akwai buɗe Littafi a duk inda hannu ya faɗa ana neman saƙo, wanda yakan raba aya da mahallinta. Akwai makalewa a kan aya mai wuya. Sa mata alama, ka kai wa fasto ko malamin nazarin Littafi Mai Tsarki, ka wuce. Na uku ya fi kama masu hidima, fastoci, masu wa'azi, malaman makarantar Lahadi, shugabannin zumuntar mata: da zarar aya ta yi daɗi sai a fara tsara yadda za a koyar da ita ranar Lahadi. Mai dafa wa jama'a abinci shi ma yana bukatar ya zauna ya ci. In dabarar wa'azi ta zo, rubuta ta a gefen hagu tare da sayen gas.

7. Yi shiru (minti 3 zuwa 4)

Rufe Littafin. Kada ka roƙi komai tukuna. Zauna da jimlar da ka rubuta, ka bar ta a gabanka.

Zabura 131:2 ta kwatanta wannan hali da yayayyen yaro a jikin uwarsa. Duk wanda ya ga yaye ya san bambancin. Mai shan nono in an ɗauke shi laluben mama yake yi. Wanda aka yaye ya saba, yakan kwanta a ƙirjin uwar ba don yana neman wani abu ba, uwar ce kawai yake so. Minti 3 ɗin nan na irin wannan zama ne.

Hankalinka zai tafi. Cikin minti ɗaya yana iya tafiya sau 10. Kada ka tsaya yi wa kanka faɗa, faɗan ma wani yawon ne. Da ka lura ka yi nisa, dawo da gajeriyar addu'a, ka maimaita ta a hankali sau biyu ko uku. Ta makaho Bartimawas tana da kyau: Yesu, Ɗan Dawuda, ka ji tausayina (Markus 10:47). Ko ta mai karɓar haraji a Luka 18:13: ya Allah, ka yi mini jinƙai, ni mai zunubi. Masu bin da suka keɓe kansu a hamadar Masar a ƙarni na 4 sun riƙi irin waɗannan gajerun addu'o'i, ciki har da Zabura 70:1, mai roƙon Allah ya gaggauta taimako. Wani zai tambaya ko wannan bai zama maimaitawar banza da Matiyu 6:7 ya hana ba. Abin da aka hana a can shi ne tara kalmomi da zaton yawansu ne zai sa a ji mutum. Yesu kansa a Getsamani ya maimaita magana ɗaya (Matiyu 26:44). Muddin kana nufin abin da kake faɗa, addu'a ce.

Wannan shiru ba kwashe komai daga kai ba ne har ya zama fanko. Kana gaban Wani ne, da maganarsa a hannunka.

A yi hattara da abu ɗaya. Wasu suna shiga shiru da sa ran jin murya ko ganin wahayi, in ba su ji ba su karaya, in sun ji wani abu su ɗauka duk daga Allah ne. Yawancin ranaku ba za ka ji komai ba, kuma ba laifi. In wani tunani ya zo da ƙarfi, rubuta shi, ka auna shi da Nassi (1 Yahaya 4:1). In ya shafi babban abu, aure, barin aiki, ƙaura, zargin wani da maita ko mugunta, kada ka ɗauki mataki sai ka zauna da fasto ko dattijo mai hankali. An raba gidaje da dama da "Ubangiji ya nuna mini" wanda ba a gwada ba.

8. Yanzu yi magana (minti 4 zuwa 5)

Fara da amsa abin da ka karanta. In ayar ta nuna alherin Allah, gode masa. In ta tona ka, tuba. Sannan ka ɗauko gefen dama na takardarka, ka bi su ɗaya-ɗaya, ka ambaci kowanne da sunansa. "Ka albarkace mu" bai kai "kuɗin haya ya rage dubu 40, wata yana ƙarewa" ba. Filibiyawa 4:6 ta ce a sanar da Allah bukatu tare da godiya, aya ta 7 kuma ta yi maganar salama. Jerin ke nan: faɗa tukuna, salama ta biyo.

Domin kada roƙo saboda wasu ya cinye lokacin, raba shi a mako: Litinin iyali, Talata ikilisiya da masu hidima, Laraba marasa lafiya da masu makoki, Alhamis maƙwabta da abokan aiki, Juma'a ƙasa da shugabanni, Asabar waɗanda kuke da saɓani da su. In kalmomi sun ƙare, bi Addu'ar Ubangiji (Matiyu 6:9-13) layi-layi, kana tsayawa a kowane layi kana sa naka a ciki.

Ba sai ka ɗaga murya ba. Addu'ar taro da ƙarfi tana da wurinta, amma Hannatu leɓunanta kawai suke motsi (1 Sama'ila 1:13), aka kuwa ji ta. Masu barci a ɗakin ma suna da hakki a kanka.

9. Tashi a hankali

Kada ka ce "Amin" hannunka yana kan waya. Ba da minti ɗaya. Dubi gefen hagu na takardar, zaɓi abu 2 ko 3 da lalle za a yi yau. Kwafi jimlar da ka samu a 'yar takarda ka sa a aljihu.

A cikin yini, nemi wurare 3 da kake tsayuwa dole: layin mai, jiran fasinja, jiran tuwo ya nuna, tafiya daga aji zuwa aji. A kowanne ka ja numfashi sau 3, ka faɗi jimlar a zuci. Nehemiya ya yi addu'a a tsakanin tambayar sarki da amsar da ya ba shi (Nehemiya 2:4-5), abin da bai wuce ƙiftawar ido ba. Amma sura ta 1 ta nuna ya riga ya yi kwanaki yana azumi da addu'a. Gajeriyar tana rayuwa ne a kan doguwar.

10. Minti 5 kafin barci

A zaune, ba a kwance ba. Bi yinin daga safe zuwa dare. Ambaci abu 3 na godiya, ƙanana ma sun isa. Tambayi kanka inda ka yi kuskure, ka furta shi ba tare da dogon zargin kai ba. Abin da bai ƙare ba ka miƙa shi, ka rufe da Zabura 4:8. Daga nan ka shirya kayan gobe kamar yadda mataki na 3 ya ce. Ibadar iyali tana iya zuwa kafin wannan, amma ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya.

In abin ya ƙi

*Barci yana ɗauke ka.* Tsaya a ƙafa, ko ka yi ta zagaya tsakar gida a hankali kana karantawa da 'yar murya. Buɗe idanu. In ya ci gaba sati guda, matsalar tana wajen lokacin kwanciyarka, ko kuwa asuba ba taka ba ce. Da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, barci da abinci aka fara ba shi, sau biyu, kafin tafiyar Horeb inda ya ji 'yar siririyar murya (1 Sarakuna 19:5-12).

*Ka makara, ko baƙi sun cika gida, ko yaro ya kwana da zazzaɓi.* Yi gajeren tsari na minti 5: numfashi minti 1, aya ɗaya, shiru minti 1, Addu'ar Ubangiji. Da babu gara ba daɗi.

*Ka yi fashin kwanaki.* Kada ka ce za ka rama, kada kuma ka jira Litinin ko sabon wata. Koma gobe, daga ayar da ka tsaya.

*Kana yi amma ba ka jin komai.* Wannan yakan zo wa kowa, sau da yawa bayan ɗokin makonnin farko ya wuce. Kada ka auna addu'a da hawaye ko daɗin zuciya. Riƙe lokacin da wurin, ka koma Zabura 42, 13 da 88, ka bar su su yi magana a madadinka. Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana taimakon mu a lokacin da ba mu san yadda za mu yi addu'a ba.

*Hidimar ikilisiya ce ta cinye ka.* Litinin kwamiti, Talata zumunta, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis koyon waƙa, Juma'a kwanan addu'a, Asabar biki ko jana'iza. Mutum yana iya yin mako a harabar majami'a bai zauna da Ubangiji minti 10 ba. Marta ma hidimar Yesu take yi lokacin da ya ce mata tana damuwa da abubuwa da yawa (Luka 10:41). Rubuta dukan ƙungiyoyin da kake ciki, ka je wurin fasto ka ce, "Baba, ina so in ajiye ɗaya na wata 3." Ka faɗa da ladabi, ka kuma taimaka a sami wanda zai riƙe.

*Shiru yana tayar maka da tsoro.* Wanda ya tsira daga hari, ko ya rasa nasa ta mummunar hanya, yakan tarar da zarar ya rufe ido abin yana dawowa. Kada ka tilasta wa kanka. Bar idanu a buɗe, kunna fitila, rage shirun zuwa rabin minti, ka karanta Zabura 91 ko 121 da murya. In da hali, ka zauna da wani ɗan'uwa ku yi tare, ko da ba za ku ce wa juna komai ba. In rashin barci, faɗuwar gaba ko baƙin ciki sun kai makonni suna hana ka aiki da cin abinci, ka gaya wa fasto, ka kuma je asibiti a duba ka, kana ci gaba da ɗan abin da kake iya yi na addu'a.